Shin makin katin banki zai iya kai iyali hutu? Tambayoyi da amsoshi

Da zarar dogon hutun makarantu ya ƙarato sai an turo mini irin bidiyon nan a waya: wani Ba'amurke da matarsa da 'ya'yansu a bakin teku, yana cewa ko sisi bai biya ba, makin katinsa ne ya ɗauki nauyin jirgi da otal. A ƙasan bidiyon kuma sai tambaya ta biyo: "Yaya, mu ma za mu iya?" Na daɗe ina harkar yankar tikitin jirgi a nan Kaduna, shi ya sa ni ake tara da zancen, a ofis da wajen ɗaurin aure har da bakin masallaci. Abin yana damuna, domin na ga waɗanda kwaɗayin makin ya jefa cikin bashi, na kuma ga waɗanda haƙƙinsu ne amma suka bar shi ya salwanta don rashin sani. Ga tambayoyin da aka fi yi mini.

Wai mene ne makin nan, kuma daga aljihun wa yake fitowa?

Gyara ce. In kin je Kasuwar Kawo awon shinkafa, mai awo ya cika mudu ya ƙara miki tafi guda a kai, ai ba daga sama ya samo ta ba, tana cikin lissafin ribarsa. Haka makin kati yake. Duk lokacin da aka biya da kati, mai kanti ba ya karɓar kuɗinsa cif, ana yanke wani kamasho. A Amurka abin da ake yankewa a kan katin bashi yakan kai kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na cinikin. Bankin da ya ba da katin shi ke ɗaukar kaso mafi tsoka, daga ciki ne yake ɗan gutsuro wa mai kati, ko dai tsabar kuɗi ko maki. Shi kuwa mai kanti tuni ya ɗora wannan kamasho a kan farashi, don haka har wanda ya biya da kuɗi hannu yana cikin masu ɗaukar nauyin tafiyar mutumin da ke cikin bidiyo.

Abin ba sabo ba ne. Katin Diners Club ya fito a birnin New York a 1950, kamfanin jiragen American Airlines ya fara ba fasinjojinsa maki a 1981, daga baya bankuna da kamfanonin jirage suka haɗa kai: banki ya sayi maki a sari daga kamfanin jirgi, ya riƙa raba wa masu katinsa.

To katin da ke aljihuna fa, shi ma yana tara maki?

Duba shi da kyau, Alhaji. Kusan duk katin da muke riƙe da shi a nan, ko Verve ne ko Mastercard ko Visa, katin cire kuɗi ne: abin da ka ajiye a asusunka shi kake kashewa. Wanda ake magana a bidiyo katin bashi ne, kuɗin banki kake kashewa, ƙarshen wata a turo maka lissafi. Wasu bankunanmu suna bayar da shi, galibi ga ma'aikacin da albashinsa ke bi ta wajensu ko mai manyan kuɗi a asusu, amma masu shi ba su da yawa.

Akwai kuma dalilin da ya sa ko an ba da maki a nan ba ya taka kara ya karya. A 2019 Babban Bankin Najeriya ya ƙayyade abin da za a yanke wa ɗan kasuwa a cinikin kati zuwa rabin kashi 1 cikin 100, kuma kada ya wuce naira 1,000. Bankin da ke samun wannan ɗan abin, da me zai yi maka gyara mai kauri? Ko a Turai haka ne. Tun da Tarayyar Turai ta ƙayyade kamashon bankuna a 2015 zuwa kashi 0.3 cikin 100 a katin bashi, makin da suke bayarwa bai kama ƙafar na Amurka ba. Wato bidiyon nan labarin wata kasuwa ce mai nata dokokin.

Amma dai da gaske suke, ko ƙarya ce kawai?

Yawanci da gaske suke, sai dai ba su faɗin rabin labarin. Mu yi lissafi. A ce gida yana kashe dala 3,000 a wata ta kati, ana mayar masa da kashi 2 cikin 100. Dala 60 ke nan a wata, 720 a shekara. Wannan ba zai kai mutum biyar ƙetare ba. Babban abin da ke cika musu jaka shi ne tukuicin buɗe sabon kati. Banki zai ce in ka kashe dala 4,000 cikin wata uku na farko za a ba ka maki 60,000, kuma galibi ana ƙiyasta maki ɗaya a kan senti ɗaya (senti ɗari ne dala ɗaya) ko sama da haka kaɗan. Miji ya buɗe, mata ta buɗe, bayan wasu watanni a sake buɗe wani. Da haka ake haɗa tikiti huɗu ko biyar cikin shekara ɗaya ko biyu. Kuma kafin a ba mutum irin wannan kati sai yana da tarihin biyan bashi a ƙasar, ba abu ne da za ka nema daga Unguwar Rimi ta waya ba.

Yanzu juyo da lissafin gida. A ce ka samu katin da ke mayar da kashi 1 cikin 100, kana kashe naira 400,000 duk wata ta cikinsa. Naira 4,000 ke nan a wata, 48,000 a shekara. Kuɗi ne, ban raina su ba, za su zuba mai a mota. Amma ba su ne za su sa iyali a jirgi ba.

Ina tarkon yake?

A kuɗin ruwa. Wannan ita ce tambayar da nake so kowa ya tsaya a kanta. Katin bashi yana ba ka wasu kwanaki bayan fitowar lissafi, in ka biya duka a cikinsu ba a ɗora maka komai. In ka biya wani ɓangare ka bar saura, ruwa ya fara hawa. A Amurka matsakaicin kuɗin ruwan katin bashi ya haura kashi 20 cikin 100 a shekara a 2023 da 2024. Gidan nan da muka yi misali da shi, in suka bar dala 3,000 ba su biya ba, a kan kashi 21 cikin 100, ruwan wata ɗaya kawai ya haura dala 50. Gyarar dala 60 ta kusa tafiya ke nan, ga uwar kuɗin tana nan daram. A nan gida kuwa abin ya fi muni, domin a ƙarshen 2024 ma'aunin kuɗin ruwa na Babban Banki kansa ya kai kashi 27.5 cikin 100, bashin kati kuma sama da haka yake tafiya.

Akwai tarko na biyu da ba a cika lura da shi ba. Wanda aka ce wa ya kashe kaza cikin wata uku kafin ya samu tukuici, sai ya fara sayen abin da ba ya buƙata don ya cika adadin. Garin neman gira a rasa ido. Ga kuma kuɗin riƙe kati na shekara-shekara, wanda a manyan katunan tafiye-tafiye yakan kai ɗaruruwan daloli.

Malam, a addinance fa?

Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta duba batun a zamanta na 12 a Riyad a shekarar 2000. Matsayarta ita ce, katin bashin da aka gindaya wa sharaɗin kuɗin ruwa bai halatta a fitar da shi ko a yi mu'amala da shi ba, ko da mai katin ya ƙudurta zai riƙa biya kafin wa'adi ya cika, domin sharaɗin yana cikin yarjejeniyar da ya sa wa hannu. Wanda babu wannan sharaɗi a cikinsa ya halatta. Akwai malaman da suka yi sassauci ga mazauna ƙasashen da rayuwa ke wuya ba tare da katin ba, muddin suna biya kan kari. Mu a nan ba mu cikin wannan matsi, ga kuma bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da Lotus. Makin da kamfanin jirgi ke ba fasinjansa kuwa ba bashi a cikinsa, rangwame ne daga mai sayarwa zuwa ga mai saye.

To mu mutanen Kaduna, babu wata hanya ke nan?

Akwai, kuma ita ce ake ta zubarwa a ƙasa. Wani dattijo abokin cinikina, mai kawo kayan ɗinki daga Sin, ya taɓa zazzage mini aljihun jakarsa yana neman wata takarda. Sai ga guntayen katin shiga jirgi sun zubo a kan teburina, wasu sun koɗe, wasu an rubuta lambar waya da lissafin yadi a bayansu. Shekara da shekaru yana zirga-zirga tsakanin Kano da Adis Ababa da Guangzhou, bai taɓa yin rajistar makin kamfanin ba. Na ce, "Baba, ai tikitin Umarar Hajiya ne ka yi ta zubarwa." Ya yi shiru, ya ce ba wanda ya taɓa gaya masa. Raina ya ɓaci ƙwarai ranar, domin laifin namu ne masu yanka tikiti.

Kusan kowane babban kamfani da mutanenmu ke hawa yana da tsarinsa, kuma rajista kyauta ce: Ethiopian yana da ShebaMiles, Qatar yana da Privilege Club, Emirates yana da Skywards, Turkish yana da Miles&Smiles, Saudia yana da Alfursan. Ba sai da katin bashi ba, da tikitin da ka riga ka saya da kuɗinka ake tarawa. Ethiopian da EgyptAir da Turkish duk suna cikin ƙawancen Star Alliance, don haka kana iya hawa ɗaya ka zuba makin a asusun ɗayan. Shawarar da nake ba fatakenmu ita ce su zaɓi asusu ɗaya su riƙe, maimakon maki kaɗan a nan kaɗan a can da ba zai sayi komai ba. (Mutanen Kaduna suna da tsohuwar shaƙuwa da Ethiopian, tun 2017 da aka rufe filin jirgin Abuja na mako shida, ya yarda ya riƙa sauka a nan alhali yawancin kamfanonin waje sun ƙi.)

Ga abubuwan kula. Sunan da ke asusun ya zama daidai da na fasfo, harafi da harafi, domin Muhammad da Mohammed a wajen kwamfuta mutum biyu ne. A ba mai yanka tikiti lambar tun kafin tafiya. Tikiti mai araha ƙwarai yakan ba da rabin maki ko ƙasa da haka. Maki yana mutuwa: na British Airways, alal misali, yana salwanta in asusu ya yi wata 36 ba motsi. Sannan wasu kamfanonin, kamar Emirates da British Airways, suna da asusun iyali da ake haɗa makin miji da mata da 'ya'ya wuri guda. Ga mai gida babba wannan ba ƙaramin abu ba ne.

In makin ya taru, shi ke nan tafiya ta zama kyauta?

A'a, Hajiya. Maki yana biyan ainihin kuɗin kujera ne kawai. Harajin filin jirgi da ƙarin da wasu kamfanoni ke ɗorawa da sunan mai, da kuɗi ake biya, kuma a kan kowane kai. Biza da fasfon yara da abinci da zirga-zirga a can duk suna wuyanki, haka kuɗin jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja ko motar Kano, tunda yawanci daga can ake tashi. Tun da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 har ta haura 1,500 a 2024, waɗannan ƙananan abubuwa sun zama manya.

Kujerun da ake warewa don masu maki kuma ƙalilan ne a kowane jirgi. Samun biyu abu ne mai sauƙi, samun shida a jirgi ɗaya a watan Agusta ko goman ƙarshe na azumi sai an yi sammako da watanni. Abin da ya fi yiwuwa shi ne a yanki tikiti ɗaya ko biyu da maki, sauran a biya.

Wani ya ce zai yanka mini tikiti da makinsa a rabin kuɗi. In karɓa?

Kada ka karɓa. Kamfanonin jirage sun haramta sayar da maki, kuma sau da yawa makin na sata ne daga asusun wani. Na ga magidanci da matarsa da yara uku, an sha lalle an yi sallama da dangi, sun isa wajen awon kaya aka ce an soke tikitinsu. Wanda ya sayar musu ta intanet ya kashe waya. Ɗan'uwanka na jini ya yanka maka da makinsa kyauta, wannan yawancin kamfanoni sun yarda da shi.

Ni ba matafiyi ba ne, albashi nake ɗauka. Yaya zan kai yarana hutu?

Da adashi ko asusu na daban da ba ka taɓawa. Naira 20,000 duk wata tun daga Satumba, kafin Yuli ta kai 200,000, ba wanda ke binka sisi. In manhajar bankinka tana ɗan mayar da wani abu a kan katin waya ko kuɗin wuta, karɓi ka zuba a ciki, amma kada ka sayi komai saboda shi. Sai a zaɓi wurin da kuɗin za su kai: Yankari a Bauci, inda yara za su yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki, ko gangaren ruwan Matsirga kusa da Kafanchan, wanda ya fi cika da damina, ko Zariya a ga ƙofar fadar Zazzau da Dutsen Kufena a dawo a yini ɗaya. A tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki a makon tafiyar, a kuma fita da sassafe don a isa da rana.