Waiwaye: ranar da Comcast ya taya Disney, da abin da ya so ya samu jiragen ruwansa

Ranar 11 ga Fabrairun 2004 aka wayi gari a Amurka da labarin cewa Comcast, kamfanin nan mai ja wa mutane wayar kebul da intanet gida-gida, ya taya Disney gabaɗayansa. Ba kuma da tsabar kuɗi ba, da hannun jari ne, wajen dala biliyan 54, in ka haɗa da bashin da zai gada abin ya kai biliyan 66. Shugaban Comcast, Brian Roberts, ya fara tuntuɓar Michael Eisner mai riƙe da Disney a lokacin, Eisner ya ƙi ba shi fuska, shi kuma kawai sai ya fito da tayin fili kowa ya gani. Duniya ta ɗauka, ana ta maganar ESPN da ABC, tashoshin talabijin na Disney, da finafinai. Amma akwai wasu mutane a gefe, masu sayar da tikiti da iyalan da suka saba tara kuɗi shekara guda don su shiga jirgin ruwan Disney, su tambayarsu daban ce: to jiragen fa, ya za a yi da su?

Sai an koma baya kaɗan za a gane dalilin fargabar. Disney bai fara da jirginsa na kansa ba. Daga 1985 wani kamfani ne mai suna Premier Cruise Line yake biyan lasisi, ana sa wa mutane kayan Mickey da su Donald suna yawo a cikin jirginsa mai jan fenti, iyali su yi kwana uku ko huɗu a teku sannan a wuce da su gidan wasan Disney da ke Florida. A 1993 aka raba gari. Premier ya koma ya ɗauko 'yan katun ɗin Warner ya ci gaba da lallaɓawa, amma abin bai koma kamar da ba, a Satumban 2000 ya durƙushe, masu bin bashi suka kame jiragen. Ku riƙe wannan labarin, zan dawo kansa.

Shi kuwa Disney da ya ga akwai nama a harkar sai ya ba Fincantieri, kamfanin ƙera jiragen ruwa na Italiya, kwangila. Disney Magic ya fara ɗaukar fasinja a Yulin 1998, Disney Wonder ya biyo a 1999, duk daga tashar Port Canaveral, ga kuma wani ɗan tsibiri a Bahamas da suka karɓa haya ta shekara 99 suka sa masa suna Castaway Cay. Jiragen an yi su ne da wata irin ƙa'ida ta gidan. Babu gidan caca a ciki ko ɗaya, alhali a sauran jiragen shaƙatawa caca na cikin abin da ke kawo kuɗi da zarar an fita daga ruwan ƙasa. Yawancin ɗakunan banɗakinsu a rabe yake biyu, wanka gefe bayi gefe, saboda uwa na yi wa yaro wanka wani ya samu inda zai shiga. Gidajen abinci uku ne ake zagayawa, yau nan gobe can, kuma ma'aikacin da ya kawo muku abinci daren farko shi zai riƙa bin ku duk inda kuka koma, kafin kwana uku ya san wane yaro ne ba ya cin kifi. Har kwale-kwalen ceto sai da suka nemi izini na musamman aka bar su suka yi musu fenti ruwan ɗorawa maimakon ruwan lemo da aka saba, wai don ya dace da kalar takalmin Mickey. Kai jama'a.

To ka ɗauki wannan abin ka ajiye a gaban mai kamfanin kebul. Abin da Comcast yake kwaɗayi shi ne abin da zai zuba a cikin wayarsa, musamman ESPN da yake biya kuɗi masu yawa duk wata don ya nuna wa kwastomominsa. Jirgin ruwa ba ya bin waya. Kamar mutum ne ya sayi gida don shagunan da ke bakin titi, ya shiga ciki ya tarar da ingarman doki biyu a barga, masu kyau kam amma kullum sai an ba su dawa da harawa, ga mai kula da su da za a biya. Jirgi yana shan mai, yana da ma'aikata kusan dubu, duk bayan 'yan shekaru sai an fitar da shi daga ruwa an yi masa gyara, kuma wanda ya gaji bashin biliyoyi abin da yake fara nema shi ne me zan sayar in rage nauyi.

Mai saye ma ba zai yi wuya ba a lokacin, don Carnival, babban kamfanin jiragen shaƙatawa, bai daɗe da gama kokawa da abokin gasarsa Royal Caribbean ba a kan sayen kamfanin P&O Princess, ya yi nasara a 2003, dama can ya haɗiye Holland America da Cunard da Costa. Jirgi biyu a wajensa ai lomar hasafi ce. Sai dai nan ne gizo ke saƙar, don darajar jiragen ba a ƙarfen take ba. Kuɗin da iyaye suke biya fiye da na sauran jirage suna biya ne don yaro ya rungumi Mickey a bakin matakala. Ka cire sunan Disney me ya rage? Jirgi mai cike da ɗakunan wasan yara, babu caca, dole sabon mai shi ya farfasa ya sake tsari. In kuma ka sayar da jirgin ka bar wa mai sayen sunan a kan lasisi, to an koma zamanin Premier kenan, sunanka a hannun wani, in abinci ya lalace ko aka wulaƙanta fasinja kai za a zaga ba shi ba. Shi ya sa ni a ganina sayarwar ba ita ce babbar barazanar ba. Abin tsoron shi ne a riƙe jiragen amma a daina ƙara musu jari, a bar su suna tsufa suna kai da kawo tsakanin Florida da Bahamas, saboda odar sabon jirgi magana ce ta ɗaruruwan miliyoyi da jiran shekara uku zuwa huɗu, wuraren da ke ƙera irinsu a Turai ma ba su da yawa, sai ka bi layi, kuma babu sabon ogan da zai sa hannu a kan irin wannan a shekararsa ta farko yana fama da bashi.

Don adalci, a ɓangaren Comcast akwai Steve Burke, wanda ya yi shekaru a Disney, har ya taɓa riƙe gidan wasansu na Faransa, don haka ba za a ce ba su san kan gidan ba sam.

Disney dai ba baƙon irin wannan farmaki ba ne. A 1984 Saul Steinberg ya tara hannun jari da niyyar yanka kamfanin gunduwa-gunduwa ya sayar, sai da aka saye hannun jarinsa da tsada aka rabu da shi, kuma wannan rikicin ne ma ya kawo Eisner kan kujera. Shekara 20 bayan nan abin ya zagayo kansa. Comcast ya zo ne daidai lokacin da gidan ke hayaƙi: Roy Disney, ɗan wan Walt, ya ajiye muƙami a ƙarshen 2003 yana yawo yana cewa a ceto kamfanin daga hannun Eisner, Pixar kuma, kamfanin da ke yi wa Disney finafinan katun na kwamfuta, ya fasa tattaunawar sabunta yarjejeniya a Janairu. Daraktocin Disney suka ce albarka cikin 'yan kwanaki, kuma kasuwa ta taimake su, don hannun jarin Comcast ya sauka na Disney ya hau, tayin ya koma ƙasa da farashin kasuwa. A taron masu hannun jari na 3 ga Maris a Philadelphia, garin Comcast ɗin kansa, kashi 43 cikin ɗari suka ƙi mara wa Eisner baya, aka karɓe masa shugabancin daraktoci aka ba George Mitchell. Roberts ya ƙi ƙara ko sisi, ƙarshen Afrilu ya janye.

Jiragen suka tsira, amma lura da wani abu, daga 1999 har 2011 biyun nan ne kawai. Sai da ƙura ta lafa, Bob Iger ya karɓi ragama a 2005, ya sayi Pixar a 2006, sannan a 2007 aka sanar da odar jirage biyu a wajen Meyer Werft na Jamus. Masana'antar tana garin Papenburg ne can cikin tudu, in an gama jirgi da baya-da-baya ake jan sa a kogin Ems har a kai teku, mutane na tsaye a gaɓa suna kallo. Disney Dream ya fito a 2011, Fantasy a 2012, kowanne na ɗaukar fasinja wajen 4,000. Daga baya Wish ya zo a 2022, Treasure a ƙarshen 2024, kuma kamfanin ya ce yana son jiragen su kai 13 nan da 2031.

Wani abin mamaki, Comcast ɗin da ake tsoron ba ruwansa da harkar shaƙatawa ya sayi NBCUniversal, kamfanin talabijin da finafinai, rabi da ɗoriya a 2011, sauran a 2013, ya gaji gidajen wasan Universal, maimakon ya yar sai ya riƙa zuba musu kuɗi har ya buɗe sabon gidan wasa mai suna Epic Universe a Orlando ta Florida a 2025, kusa da hancin Disney. Wataƙila da ya samu jiragen haka zai so su. Wataƙila kuma a'a, don Comcast na 2004 da bai daɗe da haɗiye kebul ɗin AT&T ba, bashi har wuya, daban yake da na 2013.

In kana son ganin yadda abin ke kasancewa in jirgi ya faɗa hannun uban gidan da ƙafarsa ba ta tsaya ba, ga Crystal Cruises. Genting Hong Kong, masu harkar caca da shaƙatawa, suka saye shi a 2015, korona ta zo, uwar kamfanin ta durƙushe a Janairun 2022, aka kame jiragen Crystal biyu a Bahamas saboda bashin mai. Wani ƙaton jirgi da Genting ɗin ke ƙerawa a Jamus ya tsaya ba a gama ba, kuma wa ya zo ya ɗauke shi a farashin gwanjo a ƙarshen 2022? Disney. Shi ne suka ƙarasa suka sa wa suna Disney Adventure, suka ce Singapore zai zauna.