Mene ne fotfoliyo? Kujerar minista ko jakar mai zane?

Duk sa'ad da aka yi wa majalisar ministoci garambawul, ko wani gwamna ya rantsar da kwamishinoni, sai kalmar nan ta cika rediyo da Facebook. An ba wane fotfoliyo mai tsoka, wance ta samu marar romo, wane kuma an rantsar da shi amma har yau babu fotfoliyo. Kwanan baya na ji wani mai sharhin siyasa yana cewa ma'anarta "muƙami", ya faɗa da ƙarfin gwiwa kamar shi ya yanka mata ragon suna. A makon nan kuma 'yar ƙanwata ta turo min saƙo: ta nemi aikin zanen talla, an ce ta aiko da fotfoliyo, sai ta tattara takardar haihuwa, sakamakon WAEC, shaidar ƙaramar hukuma da hoton fasfo guda biyu. Shi ya ɓata, ita ma ta ɓata, amma ɓatan nata ya fi yi min ciwo, domin zai iya raba ta da abinci.

Kalmar daga Italiyanci ta fito, gutsure biyu aka liƙa: ɗaya yana nufin ɗauka, ɗayan yana nufin warƙar takarda. Wato abin ɗaukar warƙoƙi. Jaka ce faffaɗa da masu zane ke jera ayyukansu a ciki don kada su lanƙwashe. Daga baya, da yake ministocin Turai su ma suna yawo da jakar takardun ma'aikatunsu, sai sunan jakar ya bi ma'aikatar. Don haka mai sharhin nan bai yi ƙarya ɗungum ba, reshe ya kama ya bar tushe. (A Italiyancin yau kalmar tana nufin lalitar kuɗi, haka ma 'yar'uwarta ta Faransanci da mutanen Yamai da Maraɗi suka sani. Idan wannan ma'anar masu rububin ma'aikatu suke nufi, to babu mai gyara musu.)

Mu kuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu, suna ne kawai ya bambanta. Gafaka ce. Gardin da ya haddace Alƙur'ani a tsangaya ba ya zama alaramma don wani ya buga masa hatimi. Sai ya zauna ya rubuta da ka, warƙa bayan warƙa, ya yi wasali da jan tawada, ya ƙawata da zayyana, ya haɗa cikin gafaka ya kai wa manyan malamai su duba. Su ba sa tambayarsa shekara nawa ya yi a gabas. Buɗewa suke yi.

Inda na ga kalmar tana aiki da asalin nauyinta shi ne a Amurka, wurin ɗaliban da ke son shiga manyan makarantun zane amma aljihunsu bai kai ba. Akwai irin makarantun da kafafen labarai ke fassarawa da "kwalejin al'umma". Kada sunan ya ruɗe ka ka zaci irin sakandaren da ƙungiyar ci gaban gari ke ginawa ce. Makarantu ne na gwamnati na gaba da sakandare, na shekara biyu, kuma kusan duk wanda ya gama sakandare suna karɓarsa ba tare da tankaɗe da rairaya ba. Wadda aka fi ambata a matsayin ta farko ita ce ta Joliet a jihar Illinois, 1901. Kalifoniya kaɗai tana da fiye da ɗari, kuma ɗan jiha yana biyan dala 46 ne kan kowane kiredit, wato ma'aunin da ake ƙirga nauyin darussa da shi. Kwatanta wannan da makarantun zane masu zaman kansu irin su Rhode Island School of Design, wadda aka kafa a 1877, inda kuɗin karatu na shekara guda ya haura dala dubu 50, ban da ɗaki, ban da abinci, ban da fenti da takarda waɗanda su ma ba arha ba ne.

Lissafin da iyaye ke yi mai sauƙi ne. Digiri kiredit 120 ne, ƙaramin digirin kwalejin kuwa 60. Yaro ya yi shekara biyu a inda ake biyan kuɗin goro, ya koma babbar makaranta ya ƙarasa biyun, an rage rabin bashi ke nan. A fannin tarihi ko ilimin tattalin arziki, musamman idan jami'ar jiha za a koma, lissafin yakan fita daidai. A fannin zane kuwa sau da yawa ba ya fita, kuma fotfoliyo ce ke ɓata shi ko ta gyara shi.

Dalili shi ne digirin ƙwararrun masu zane, wanda suke kira BFA, kusan kashi biyu cikin uku nasa aikin hannu ne a situdiyo, kuma kowace makaranta tana da jerin da take bi, darasi kan darasi kamar hawa tsani. Idan ɗalibi ya zo da takardar sakamakonsa, darussan Turanci da lissafi da tarihin fasaha yawanci ana karɓa idan makin ya kai. Amma darussan zane, ba magatakarda ke yanke hukunci ba, malaman sashen ne, kuma jakar suke buɗewa. Kana iya zuwa da A a zane na ɗaya da na biyu, su duba ayyukanka su ce hannunka na ɗan aji ɗaya ne, ka koma aji biyu ko ma ka fara daga tushe. Shekara biyu da biyu ta koma biyu da uku. Wannan ba mugunta ba ce, ko da yake wanda ya sha yakan ce mugunta ce, kuma ban musa cewa makarantar ma tana son kuɗin ƙarin shekarar ba.

Me ke cikin jakar? A makarantar Rhode Island ɗin nan ana neman ayyuka 12 zuwa 20. Ba duk abin da ka taɓa zanawa ba, zaɓaɓɓu. Nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe, domin suna zaton kyau ake nema. Sai yaro ya kwafi hoton wani mawaƙi daga waya, ya yi sati uku yana goge fensir har a kasa bambance zanen da hoton, a yi ta buga masa tafi a Instagram. Malaman nan ba wannan ke burge su ba, injin ɗaukar hoto ya riga ya yi aikin. Abin da suke so shi ne zanen da aka yi ana kallon abu ido da ido: buta a kan tabarma, hannun mutum, kujerar da haske ya faɗo mata ta gefe guda. Suna son ganin littafin gwaji mai goge-goge, inda tunani ya fara a karkace kafin ya miƙe. Shi ya sa ainihin amfanin shekaru biyun nan ba tara kiredit ba ne, samun situdiyo ne da malami da lokaci a farashi mai rahusa, har jakar ta cika. Chuck Close, wanda ya shahara da zanen manyan fuskoki, ta wannan hanya ya bi: kwalejin Everett daga 1958 zuwa 1960, sai jami'ar Washington, sai Yale. Makarantun ma sukan shirya ranaku na musamman da wakilansu ke zama a zaure ɗaya, ɗalibai su yi layi da jakunkunansu, a duba a gaya musu gaskiya tun kafin su nemi gurbi.

Muna da mai kama da wannan tsani: mai difloma daga kwalejin fasaha ya nemi shiga jami'a kai tsaye a aji biyu ta hannun JAMB. Bambancin shi ne namu tsarin ya fi yarda da takarda. Ga mu da sashen zane na Zariya, wanda ya horar da su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo tun ƙarshen shekarun 1950, amma yaron da ya gama sakandare a Kano ko Katsina da wuya ka ji wani ya taɓa ce masa ya adana zanensa. Satifiket ake leminetin, zane kuwa a ƙunshe ƙosai da shi.

To ka ga abin da ke ba ni haushi da fotfoliyon siyasa. A watan Agustan 2023 majalisar dattawa ta tantance waɗanda za a naɗa ministoci ba tare da an san ma'aikatar da kowa zai riƙe ba, wasu ma rusunawa kawai suka yi aka ce su wuce. Sai bayan an tabbatar da su aka raba ma'aikatu, aka rantsar da 45 ranar 21 ga wata. Ɗalibar zane mai shekara 19 sai ta cika jakarta kafin a buɗe mata ƙofa, minista kuwa sai ya shiga sannan a miƙa masa jakar, kuma duk sunansu ɗaya.

'Yar ƙanwar tawa dai na ce ta mayar da takardun haihuwa cikin akwati, ta ɗauko littafin zanenta. Muka zaɓi goma sha biyu. Akwai wani zanen tukwanen kakarta da ta yi da gawayi, ta so ta cire wai ya yi datti, ga shatin yatsa a gefe. Shi na sa ta ɗora a sama.