Me dokar Ingila ta ce kan tsohuwar hanyar katako ta Somerset?

A 1970 wani mai haƙar baƙar ƙasar dausayi, Ray Sweet, ya ci karo da katako a Somerset, kudu maso yammacin Ingila. Ashe hanya ce da mutanen dā suka shimfiɗa don tsallake fadama, tsawonta ya kusa kilomita 2. Zobban da ke jikin itacen sun nuna an sare shi wajen shekara ta 3807 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Turaku suka kakkafa a gicciye, suka ɗora falle ɗaya na katako a kai, iya wucewar mutum ɗaya. Sunan Ray Sweet aka ba ta: Sweet Track.

Wasu sassanta suna cikin jerin wuraren tarihin da dokar 1979 ta kare, jerin da ya kai wurare kusan 20,000 a Ingila. Shiga jerin ba ƙwace ba ne. Fili yana nan hannun mai shi, kuma ba dole ya buɗe wa masu yawon buɗe ido ba. Abin da ya rasa shi ne ikon taɓa wurin yadda ya ga dama. Rushewa, cirewa, gyara, ƙari, jibga ƙasa ko shara a kai, malala wa wurin ruwa, duk sai da rubutaccen izinin minista, wanda ake nema ta hannun hukumar Historic England. Masanin jami'a ma bai tsira ba, domin tono ɓarna ne a idon doka, ko da na ilimi ne. Wanda ya lalata wurin da gangan yana iya shan tara ko ɗaurin da ya kai shekara 2. Amfani da na'urar gano ƙarfe a wurin ba izini laifi ne daban.

To, ga inda gizo ke saƙar. Ruwa ne ya ajiye katakon nan kusan shekara 6,000, don iska ba ta ratsa jiƙaƙƙiyar ƙasar dausayi, balle ƙwayoyin da ke ruɓar da itace su yi aiki. Da ruwan ya ja baya, katakon zai tsattsage, ya motse, ya zama gari. Dokar kuwa ta ambaci malala ruwa ƙarara, amma ba ta ambaci janye shi ba, kuma kariyarta tana tsayawa ne a layin da aka shata a taswira. Maƙwabci na iya zurfafa magudanar gonarsa can waje, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya sauka, hanyar ta lalace ba wanda ya sa mata fartanya. A ganina gine-ginen dutse aka fi tunawa lokacin rubuta dokar.

Shi ya sa a gandun Shapwick Heath ba a dogara da takarda kaɗai ba: an sa famfo yana jiƙa wani sashe na hanyar mai tsawon kusan mita 500.

Idan kuma aka tsinci wani abu a irin wannan wuri, dokar dukiyar da aka binne ta 1996 ta fi karkata ga zinariya, azurfa da tarin tsabar kuɗi, waɗanda ake kai rahotonsu cikin kwana 14. Katako shi kaɗai bai shiga ba, yawanci na mai fili ne.