Tsohuwar Bindigar Gado: Shekarar Ƙira Ce Ke Yanke Hukunci

Tsatsa da dusashewar mariƙi ba sa mayar da bindigar hannu kayan tarihi a idon doka. Abin da doka ke tambaya shi ne yaushe aka ƙera ta, kuma wane harsashi take ci. Shi ya sa wanda ya gaji irin wannan bindiga, bayan wanda ya san kanta ya tabbatar babu harsashi a ciki, aikinsa na farko shi ne gano ko wace iri ce.

A Amurka, dokar tarayya ta 1968 ta ja layi a 1898. Wadda aka ƙera a wannan shekara ko kafinta tsohuwa ce, yawancin ƙa'idojin tarayya ba su hau kanta ba, ko da yake wasu jihohi na da nasu sharuɗɗan. Wadda kaka ya dawo da ita daga Yaƙin Duniya na Biyu kuwa, ko Colt ce ko Luger, hukuncinta ɗaya da wadda aka ƙera jiya.

To, ta yaya za a san shekarar? Lambar ƙira. A nan mutane ke ruɗewa, domin bindiga ɗaya kan ɗauki lambobi iri-iri. A bindigogi masu ma'ajin harsashi mai juyawa na kamfanin Smith & Wesson, lambar gaske tana ƙasan mariƙi; waɗanda ake gani idan aka buɗe ma'ajin harsashi galibi lambobin harhaɗawa ne na masana'anta. Akwai kuma ƙananan tambura na gwaji. Haruffan ELG cikin zobe mai siffar ƙwai na nufin an gwada ta a birnin Liyaj na Beljiyam. Kamfanin Colt ma yana binciko tsofaffin kundayensa, ya ba da takardar da ke nuna ranar da bindiga ta bar masana'anta, idan an biya.

Rashin lamba kaɗai ba laifi ba ne, don kafin 1968 ba kowace bindiga aka tilasta wa lamba ba. Amma idan an goge ta ko an kankare, riƙe bindigar laifi ne a dokar tarayya, ko da kakan ne ya goge. Don haka kada a kusance ta da takardar yashi da sunan gyara.

Birtaniya ta fi tsanani nesa ba kusa ba. Tun 1997 aka haramta yawancin bindigogin hannu. Ƙa'idar 2021 ta ce ba a ɗaukar bindiga a matsayin tsohuwa sai wadda aka ƙera kafin 1 ga Satumba 1939, kuma harsashinta na cikin jerin waɗanda aka daina yayinsu ko ta kasance irin ta ɗuri, sannan a ajiye ta don ado kawai. A shekarar 2021 ɗin an cire nau'in harsasai bakwai daga jerin saboda ɓata-gari sun koma amfani da su, lamarin da ya sa bindigar da ta halatta a aljihun tebur jiya ta koma neman lasisi. Magajin da ya tsinci irinta a can, ya bar ta inda take, ya kira sashen lasisin bindiga na 'yan sandan yankinsa su faɗa masa abin yi.