Kiyaye jeri a bayanai masu hawa-hawa

Kiyaye jeri a bayanai masu hawa-hawa dabara ce ta sa rumbun bayanai ya fito da kowane abu a ƙarƙashin uwarsa, 'yan ɗaki ɗaya kuma su biyo juna bisa tsarin da aka zaɓa. Ana bukatarta duk inda bayanai ke da rassa kamar bishiya: jiha da ƙananan hukumominta, ma'aikata da sassanta, ko salsalar zuri'a.

Asalin matsalar

Tsarin tebura da Edgar Codd na kamfanin IBM ya gabatar a 1970 bai san na gaba da na baya ba. Layukan tebur tamkar gero ne a buhu. Shi ya sa SQL, harshen da ake yi wa rumbun bayanai tambaya da shi, ba ya alƙawarin kowane jeri sai an rubuta umarnin jeri na ORDER BY. To amma shi wannan umarni kan mai uwa da wabi yake yi, ba ruwansa da dangantaka.

A ɗauki Jihar Gombe, wadda aka cire daga Bauchi a 1996, mai ƙananan hukumomi 11. A ce tebur ɗaya ya haɗa ƙananan hukumomin da garuruwansu, kowane layi na ɗauke da lambar uwarsa. Idan aka jera da suna kawai, za a ga Akko, sai Ashaka, sai Bajoga, sai Balanga. Mai karanta takardar zai ɗauka Ashaka da Bajoga suna cikin Akko, alhali na Funakaye ne. Kumo da Pindiga kuwa, 'ya'yan Akko na gaskiya, sun gangara can ƙasa. Babu layin da ya ɓace, babu saƙon kuskure, amma ma'anar ta lalace, kuma wannan ne ya sa matsalar ke da haɗari.

Hanyoyin magance ta

Rumbun bayanai na Oracle ya daɗe da umarnin CONNECT BY mai bin reshe daga tushe, sannan a sigar 9i ya ƙara ORDER SIBLINGS BY, wanda ke jera 'yan uwa a tsakaninsu ba tare da ya raba su da uwarsu ba. Ƙa'idar SQL ta 1999 ta kawo WITH RECURSIVE, wato tambaya mai kiran kanta. Cikin manhajojin rumbun bayanai, PostgreSQL ya karɓe ta a 2009, SQLite a 2014, MySQL a 2018. A 2021 PostgreSQL 14 ya ƙara SEARCH DEPTH FIRST, mai samar da abin da za a yi jerin da shi, amma har yanzu sai an ambace shi a ORDER BY na ƙarshe.

Hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce gina wa kowane layi sarƙar asalinsa yayin gangarowa: lambar jiha, ta ƙaramar hukuma, ta gari, sannan a jera da sarƙar. A nan akwai tarko. Idan aka ajiye sarƙar a matsayin rubutu, kwamfuta na kwatanta alama bayan alama ne, don haka 10 na rigan 2. Idan an bai wa ƙananan hukumomin lamba bisa haruffa, Shongom mai 10 da Yamaltu/Deba mai 11 za su tsallake Balanga mai 2, su zauna bayan Akko. Maganin shi ne cike gurbi da sifiri: 01, 02, 10. Wanda ya fi shi inganci shi ne ajiye sarƙar a matsayin jerin lambobi na ainihi, inda rumbun ya ba da dama, domin sifirin da ya wadatar yau zai gaza ranar da 'ya'ya suka kai 100.

Akwai kuma tsarin da Joe Celko, marubucin littattafan SQL, ya yayata, na bai wa kowane reshe lambar hagu da ta dama. Karatu da shi sauri gare shi, amma saka sabon layi na tilasta sauya lambobi masu yawa.

Haruffa masu lanƙwasa

Masu aiki da sunayen Hausa na da ƙarin nauyi. A lambobin Unicode, tsarin da ke bai wa kowane harafi lamba a kwamfuta, ɓ da ɗ da ƙ suna bayan z. Rumbun da ke jeri da lambar harafi tsurarta zai jefa sunan da ya fara da Ƙ ƙarshen 'yan uwansa, maimakon bayan K. Laburaren ICU, tarin manhajar da ke kula da rubutun harsuna daban-daban, na da tsarin jerin Hausa, kuma PostgreSQL na iya amfani da shi tun siga ta 10. Ya kamata a zaɓe shi tun ranar da ake ƙirƙirar teburin.