Mene ne VEP, amsar da ƙwaƙwalwa ke bayarwa idan ido ya ga abu?

Ido ƙofa ne, amma ainihin gani a ƙeya yake faruwa. Haske yana shiga ido, jijiyar gani ta ɗauki saƙon ta kai shi can bayan ƙwaƙwalwa, ƙwayoyin wurin kuma su amsa da ɗan motsin lantarki. Wannan amsa ce masana ke taƙaitawa da haruffa uku, VEP, wato lantarkin da gani ya tayar. Da na'urar EEG mai auna lantarkin ƙwaƙwalwa ake kama ta, wadda likitan nan na Jamus, Hans Berger, ya fara gwadawa a kan mutum a 1924.

Gwajin ba zafi ba allura. Za a zaunar da mutum gaban allo mai gida-gida baƙi da fari, a rufe masa ido ɗaya, a manna ƙananan wayoyi a fatar kansa, ɗaya daidai ƙeya. Sai gidajen su riƙa musanya, baƙi ya koma fari, fari ya koma baƙi, shi kuwa ya zuba wa tsakiyar allon ido. Amsar ƙarama ce ainun, kamar raɗa a cikin taron jama'a, don haka ake maimaita musanyar wajen sau ɗari, kwamfuta ta tattara ta tace hayaniyar.

Abin da likita ke nema a zanen da kwamfutar ta fitar shi ne wani tudu da ake kira P100, domin yana fitowa bayan kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Idan ya makara, alama ce saƙon yana tafiyar hawainiya a jijiyar gani, kamar yadda ake samu idan rufin jijiyar ya lalace. Martin Halliday da abokan aikinsa a Landan ne suka nuna haka a 1972 ga masu kumburin jijiyar gani. Ni dai abin da ya fi taɓa ni shi ne jariri. Bai iya karanta haruffan allon gwaji ba, bai iya cewa "ina gani" ba, amma ƙeyarsa za ta faɗa a madadinsa.

Daga asibiti sai maganar ta shiga fagen gane mutane. A 2016 masu bincike a Jami'ar Binghamton ta Amurka suka nuna wa mutum 50 hotuna 500, na abinci da fuskoki da kalmomi, kwamfuta kuma ta bambance kowa ta amsar ƙwaƙwalwarsa ba tare da kuskure ba. Fatan shi ne wata rana wannan ya yi aikin da zanen yatsa ke yi, sai dai mutum 50 a ɗakin gwaji ba su kai ma'auni ba tukuna.

Akwai kuma P300, da Samuel Sutton ya bayyana a 1965, tudun da ke tashi idan mutum ya ci karo da abin da ya ja hankalinsa ko wanda ya sani. Lawrence Farwell ya gina hanyar binciken laifi a kansa: a nuna wa wanda ake zargi hoton makami a cikin wasu hotuna, a duba ko ƙwaƙwalwarsa ta gane shi. A nan nake jan kunne da gaske. Wanda ya tsaya kallo a wurin, ko ya ga hoton a jarida, ƙwaƙwalwarsa na iya amsawa kamar ta wanda ya riƙe wuƙar.