Ba sanyi ba ne, ku daina zama da hannu a sage

Shekaranjiya wani tela ya zo mana asibiti, magidanci ne mai 'ya'ya, yatsunsa sun daina iya zura zare a allura. Na ce, Malam, tun yaushe? Ya ce tun kafin azumin bara. To me ka yi a kai? "Ai sanyi ne, ina karɓar haɗi a kemis." Muka huda yatsa muka auna, sukari ya yi sama ƙwarai. Da na sa ya cire silifa, sai ga gyambo a ƙarƙashin babban yatsan ƙafa, har ya fara wari, shi kuwa bai ma san da shi ba.

Wallahi kalmar nan ta sanyi ta ishe ni. Hannu ya sage, sanyi. Tafin ƙafa na zafi da dare kamar an shafa barkono, sanyi. Mutum ya ji kamar kiyashi na bin yatsunsa wata da watanni, sanyi. Haba jama'a!

Duk lokacin da irin wannan ta zo gabana sai na tuna Jacqueline du Pré. Baturiyar Ingila ce, an haife ta a Oksfod a 1945. Sana'arta kaɗa celo, wato babban gogen nan na Turawa mai tsirkiya huɗu, wanda ake zama a kan kujera a jingina shi tsakanin gwiwoyi. Tana ƙaramar yarinya ta ji sautinsa a rediyo ta ce shi take so. Tana da shekara 16 ta yi wasanta na farko a zauren Wigmore da ke Landan, a 1961. A 1965 aka naɗi kiɗan da Edward Elgar ya tsara wa celo, ita ce ta kaɗa, John Barbirolli na jagorantar makaɗa, kuma har gobe masana wannan kiɗa da faifan nan suke auna na baya. Tana da shekara 20 ke nan. A 1967 ta auri Daniel Barenboim, shi ma shahararren makaɗi.

A 1971 yatsunta suka fara sagewa. Ku duba fa, mutumiyar da duk arzikinta a kan yatsu yake. Aka yi ta ɗauka gajiya ce da damuwa, ta huta, ta dawo. A watan Fabrairun 1973 aka shirya mata wasa huɗu a New York. Ita da bakinta ta ba da labari daga baya cewa ko buɗe akwatin gogen ya zame mata aiki, ba ta iya gane nauyin bakan a hannunta, kuma da yake ba ta jin tsirkiya a yatsu, sai da ido take bin inda za ta ɗora su. Ta yi uku, ta kasa na huɗu. Daga nan ba ta ƙara kaɗawa a gaban jama'a ba. A watan Oktoba na shekarar aka gano cutar MS ce, wadda garkuwar jiki ke cinye rigar jijiyoyi a ƙwaƙwalwa da laka. Shekararta 28. Ta koma koyarwa, ta koma keken guragu, ta rasu a Landan ranar 19 ga Oktoba 1987 tana da shekara 42.

Ita ba zama ta yi a gida ba, ta je wurin likitoci. Amma lokacin da ciwon ya fara mata babu na'urar MRI mai ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa da laka a asibitoci, kuma maganin farko mai rage tashin wannan cuta sai a 1993 aka amince da shi a Amurka, shekara shida bayan rasuwarta. Ta nema, babu. Ku kuwa akwai, kun ƙi zuwa. Abin da ke ƙona mini rai ke nan.

Don MS ba ta da yawa a ƙasarmu. Abin da ke sagar da hannu da ƙafa a nan, mafi yawa, mun san shi kuma muna da abin yi a kai: ciwon sukari, kuturta, ƙarancin bitamin B12, jijiyar da ta matse a wuya ko a wuyan hannu, wani lokaci maganin tarin fuka. Awon sukari minti nawa ne? Maganin kuturta kyauta ake bayarwa, wata 6 ko 12, kuma ana warkewa. Amma jijiyar da aka bari ta mutu ba ta cika dawowa ba, ko an kashe ƙwayar cutar.

Sannan wannan haɗin da kuke karɓa a ƙullin leda, kun san abin da ke ciki? Sau da yawa diclofenac ne da dexamethasone. Na farko yana cin ciki yana taɓa ƙoda, na biyu yana ƙara hawan sukari. Kana jin sauƙi kwana biyu, ciwo na ci gaba da aikinsa. Ina roƙonku, iyayena da ƙannena, ba don na raina wahalar kuɗin mota ba. Na san ta. Amma kuɗin haɗin wata uku ya fi kuɗin awo.

Ga hunturu na tafe. Bara wata baiwar Allah ta miƙe ƙafa kusa da kaskon wuta ta yi barci, warin ƙuna ne ya tashi 'yarta, ita ba ta ji komai ba. Shekara biyu tana cewa sanyi ne.

Saboda haka, a gurguje:

Sagewa ta kai mako biyu, ko tana ƙaruwa, ku zo, ku ce a auna sukari.
Tabo a fata wanda ya yi haske kuma ba ya jin taɓi, ku nuna mana, ba abin kunya ba ne.
Kada a gasa ƙafa da ruwan zafi ko garwashi, kada a yi tsaga.
Ku duba tafin ƙafa kullum, ku zazzage takalmi kafin sawa.
Mai shan maganin tarin fuka kada ya daina, ya zo ya faɗa, akwai bitamin da ake haɗawa.
In kuwa rabin jiki ne ya saki farat ɗaya, ko baki ya karkace, ko magana ta sarƙe, wannan ba na jiran gobe ba ne, a ɗauko shi a wannan sa'ar.

Telan nan mun wanke gyambon, mun tura shi babban asibiti. Na ce masa ya zo da ƙullin ledar in ya dawo ranar Litinin, ina so in ga abin da aka yi shekara ana ba shi.